Hayaƙi Mai Tsawa a Kogin Zambezi

Ga labarin mafaɗar ruwa ta Biktoriya, wadda muke karantawa cikin littattafan labarin ƙasa, har Allah ya nufe ni da ganinta. Tana kan kogin Zambezi, wanda ya raba Zambiya da Zimbabuwe. Mutanen wurin suna kiranta Mosi-oa-Tunya, watau hayaƙi mai tsawa. Baturen da ya fara ganinta shi ne David Livingstone, cikin Nuwamba 1855, ya sa mata sunan Sarauniyar Ingila.

Kogin yakan taho a shimfiɗe bisa wani baƙin dutse, faɗinsa ya ɗara mil guda kaɗan, sai ya tarad da tsaga ta gitta masa, ya afka ciki gaba ɗaya, zurfin ƙafa 354. Tsagar kuwa matsattsiya ce, saboda haka feshin ruwan ba shi da mafita sai sama. Shi ne hayaƙin da akan hango tun daga wajen mil 30. Dutsen yana da jijiyoyi masu taushi, ruwa na cinsu sannu sannu, mafaɗar tana ja da baya. Kwazazzaban da ke ƙasa da ita, masu karkace-karkace, duk tsofaffin mazauninta ne.

Mai niyyar zuwa ya lura da lokaci, gama daminarsu tana faɗawa cikin raninmu. Wajen Afrilu kogi ya cika, feshi ya rufe kome, mutum ya jiƙe sharkaf. Wajen Oktoba da Nuwamba kuwa ruwa ya janye, har wani sashe na gefen Zambiya ya koma dutse tsirara.

Ƙasa da mafaɗar kaɗan akwai gadar ƙarfe da aka gama cikin 1905, bisa shawarar Cecil Rhodes, wanda ya mutu cikin 1902 bai gan ta ba. Iyakar ƙasashen biyu tana tsakiyarta. Kowane gefe da ma'aikatansa masu duba fasfo, wanda bai shirya takardunsa ba sai ya koma da rabin kallo.

Daga nan na yi yamma wajen mil 45 zuwa Kazungula, inda Zambiya da Zimbabuwe da Botsuwana da Namibiya suka kusa haɗuwa wuri guda. Iyakar Zambiya da Botsuwana 'yar guntuwa ce ƙwarai, don haka gadar da aka buɗe cikin 2021 sai da aka lanƙwasa ta, kada ta taɓa rabon sauran biyun.

To, mu da za mu koyad da yara, mu tuna cewa layin nan da ke kan taswira mutum ya ja shi, amma har gada takan karkace dominsa. In mun zo kan wannan darasi, mu bayyana musu dalili, kada mu bar su da haddar sunaye kaɗai.