Force Stop, Force Restart, Brute Force: Me kalmar "force" ke nufi a wayarka?

Duk wanda ya taɓa shiga Settings na wayar Android ya buɗe bayanan wata manhaja, ya ga maɓallin da aka rubuta wa Force stop. Da yawa suna danna shi kullum da sunan rage cin batir, wasu kuma tsoronsa suke ji, gani suke zai goge musu komai. Duka ɓangarorin biyu fahimtar kalmar ce ta ba su matsala.

Turanci ya aro kalmar daga Faransanci, asalinta kuma fortis ne na Latin, wato mai ƙarfi. A darasin fiziks ma'anarta ƙarfin turawa ko ja, wanda ake aunawa da newton. A hanyar Mando kuwa, inda sansanin Air Force yake, ma'anarta runduna, kamar yadda take a Police Force. Idan aka ƙara mata harafi biyu a gaba ta zama enforce, tilasta bin doka, kuma ita ce a cikin sunan KASTLEA da ke tare motoci a titunan Kaduna. Sai ta ƙarshe, wadda muke ji a bakin 'yan Keke idan gardama ta kaure: "na by force?", wato dole ne?

Wannan ta ƙarshen ce ke cikin wayarka. Duk inda ka ga force a allo, karanta ta da "tilasta": za a yi abin ba tare da an jira amincewar manhajar ba.

Mu ɗauki Force stop. Idan ka share manhaja daga jerin waɗanda ka buɗe kwanan nan, yawanci wani sashe nata na ci gaba da aiki a bayan fage. Force stop kuwa kashe ta yake yi gaba ɗaya, kuma tun daga Android 3.1 na shekarar 2011, manhajar da aka yi wa haka ba ta sake tashi da kanta sai kai ka buɗe ta. A nan matsalar take. Ka yi wa WhatsApp da dare, saƙon kwastoma ya shigo, wayar ba za ta yi ƙara ba sai ka shiga. Ka yi wa manhajar agogo, ƙararrawar da ka saita don Asuba na iya ƙin bugawa. A ganina amfaninsa ɗaya ne: manhaja ta sandare ko tana ɗumama waya, ka kashe ta ka sake buɗewa. Mayar da shi al'adar kullum ba ya wani ceton batir, domin tayar da manhaja daga farko ma caji yake ci.

Ba ya goge komai. Mai gogewa shi ne Clear data, wanda ke ɗan nesa kaɗan a ƙarƙashin Storage. Shi kam idan ka danna wa WhatsApp ba ka da ajiya a Google Drive ko wani wuri, hirarrakinka na iya tafiya ke nan.

Irin wannan ruɗani ne ke tsakanin Force restart da Factory reset, kuma shi ya fi jawo asara. Na farkon tilasta wa wayar da ta sandare ne ta mutu ta tashi, hotuna da lambobi na nan daram. A Samsung, riƙe maɓallin rage sauti da na kunnawa tare sama da daƙiƙa 7. A iPhone 8 zuwa sama, danna na ƙara sauti ka saki, danna na ragewa ka saki, sannan ka riƙe na gefe har tambarin Apple ya fito. Na biyun kuwa mayar da waya ne kamar yadda ta fito daga kwali, babu komai a ciki. Kafin ka kai waya wajen masu gyara a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, gwada na farkon a gida. Idan an ce za a yi mata "risetin", tambayi wane iri.

Masu buga gem kuma sun san Force 4x MSAA, wanda ke ɓoye a Developer options, sashen da ke buɗewa idan ka taɓa Build number sau 7. Yana tilasta wa wasu wasanni su gyara gefunan hoto, amma aikin na kan wayar, ga zafi ga shan caji. A ƙaramar Tecno ko itel, gara a bar shi a kashe.

Brute force shi ne ƙarfin tuwo: gwada lambobin sirri ɗaya bayan ɗaya har a dace. Lamba 4 tana da haɗuwa 10,000, lamba 6 kuma 1,000,000. Shi ya sa waya ke sa ka jira bayan ka yi kuskure sau da yawa, iPhone ma na da zaɓin goge komai bayan kuskure 10. Sai dai ɓarawon waya ba daga 0001 yake farawa ba, 1234 da 0000 da shekarar haihuwa yake fara gwadawa. Idan lambarka na cikin waɗannan, shiga sashen kulle allo a Settings ka canza ta zuwa mai lamba 6.