Hukuncin Albashin Ma'aikacin Banki a Ƙasar Gobir

Ɗan Sabon Birni ko Isa da ya sami aikin banki yakan tambayi malamai halaccin albashinsa. Tushen damuwarsa hadisin Jabir ne a Sahihu Muslim, wanda ya haɗa marubucin riba da shaidunta cikin la'ana. Wasu malamai sun haramta aikin baki ɗaya. Wasu kuwa sun rarrabe mai rubuta bashin ruwa da mai karɓar ajiya, domin na biyun yana tsare dukiyar fataken da 'yan bindiga suka hana tafiya da tsabar kuɗi. Bankin Jaiz, da ya fara aiki a 2012 da lasisin yanki, ya samar da mafita: ribar murabaha maimakon kuɗin ruwa. Allah ne mafi sani.