Distiributa: Maganar Tasha da Gaskiyar da Ke Ƙarƙashin Bonet

A yankin Makarfi, Kudan da Ikara, tsofaffin motoci ne ke ɗauke da wahalar jama'a. Golf 2 da Golf 3, Carina E, Starlet, tsohuwar Hiace da ragowar Peugeot 504, su ke kwasar fasinja da buhunan masara, da tumatir da rake, daga garuruwa irin su Gubuchi zuwa kasuwa. Galibin masu shan fetur a cikinsu da distiributa suke aiki, shi ya sa da mota ta fara gardama sunan distiributa ne ke fara fitowa daga bakin yaran mota. Maganganun da ake yi a kanta sun yi yawa, wasu gaskiya, wasu rabin gaskiya, wasu kuwa hanyar zarar kuɗi ce kawai daga aljihun direba.

Aikinta ba shi da wuyar ganewa. Batir yana ba da wuta mai ƙarfin volt 12, kwayil ya ɗaga ta zuwa sama da volt 20,000, distiributa kuma ta raba wa fulogai ɗaya bayan ɗaya a daidai lokacin da kowane fistin ke buƙata. Rota ce ke juyawa a cikin murfi, zagaye ɗaya a duk zagaye biyu na injin, tana miƙa wutar bisa jerin 1-3-4-2 a yawancin injuna masu silinda huɗu. Tsohuwar fasaha ce: Charles Kettering na kamfanin Delco a Amurka ya samar da tsarin, aka fara sa shi a motocin Cadillac a 1910.

“Mota ta ƙi tashi ko tana misin? Distiributa ce.”

Sau da yawa ba ita ba ce. Fulogi da ya mutu, wayar fulogi da ta tsage, famfon mai da ya gaji, tacen mai da ya toshe, datti a kafireto, duk alamarsu ɗaya da ta lalacewar distiributa. Gurɓataccen fetur ma haka. A watan Fabrairun 2022, lokacin da aka shigo da man da sinadarin metanol ya yi wa yawa, motoci da dama sun riƙa shaƙewa alhali wutarsu lafiya lau. Wanda ke shan mai a hannun 'yan bumburutu, sai ya fara zargin galan kafin ya zargi distiributa.

Gwajin farko ba ya cin ko sisi. A cire fulogi ɗaya, a mayar masa da wayarsa, a jingina shi da ƙarfen injin, a yi kik. Idan tartsatsi shuɗi mai ƙarfi yana fita a kai a kai, to wuta na zuwa, a koma neman matsalar ta ɓangaren mai. Kada a riƙe wayar da hannu, kuma kada a yi kik waya tana lilo a iska, domin a motocin da ba su da kwantak hakan na iya ƙona kwayil.

Da damina kuma akwai abin da ke ruɗin mutane. Mota ta ratsa kududdufi a hanyar gona, ko ta kwana a cikin raɓa, da safe ta ƙi tashi. Laima ce ta shiga murfi. A buɗe, a goge da busasshen ƙyalle, a bar shi ya sha iska, sau tari an gama.

“Kowace mota tana da distiributa.”

Ƙarya ce. Injin dizal ba ya amfani da fulogin tartsatsi, don haka tarakta da manyan motocin ɗaukar kaya ba su da ita. Kamfanoni kuma sun fara watsar da ita tun cikin shekarun 1990, suka koma ɗora ƙaramin kwayil a kan kowane fulogi, ƙwaƙwalwar mota tana ba shi umarni. Honda Accord ta 2003, wadda ake kira End of Discussion, da waɗanda suka biyo bayanta, da Corolla ta wannan zamani, da Hiace da ake kira Homa, babu distiributa a jikinsu. Duk wanda ya rubuta maka kuɗinta a lissafin irin waɗannan motoci, ka ce ya nuna maka inda take.

“Ba a gyara ta, sai dai a canza gaba ɗaya.”

Nan ne kuɗi suka fi salwanta. Distiributa tarin kayayyaki ce a cikin gida ɗaya, kuma yawancinsu ana sayar da su daban. Murfi da rota dama masu cinyewa ne, kamar fulogi. Ka juya murfin ka duba cikinsa: idan ka ga siririn baƙin layi kamar zanen fensir tsakanin ƙarafunan, ko tsaga, ko gawayin tsakiya ya cinye, wuta na gudu ta nan, kuma murfin kawai za a canza. A tsofaffin 504, waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kakuri ta Kaduna tun daga 1975, kwantak da kwandansa ne ke yawan mutuwa, ratar bakin kwantak ɗin kuma kusan milimita 0.4 ce. A Golf akwai ƙaramar sansa a ciki mai sanar da lokacin sakin wuta, kwayil ɗin kuwa a waje yake, yana iya tsagewa a ɗora wa distiributa laifi. A Carina E da wasu Honda na shekarun 1990 kwayil yana cikin gidan, kuma ana iya cire shi shi kaɗai. Idan baƙin mai ne ke tsiyaya ta gindinta, sau da yawa zoben roba ne ya bushe.

Amma akwai inda maganar take gaskiya. A cire murfi, a kama sandar da rota ke kai, a girgiza ta gefe da gefe. In tana kaɗawa sosai, ko akwai jan gari irin na tsatsa a ciki, ko haƙoran gindinta sun cinye, ko gidan ya fashe, to faci ɓata kuɗi ne. Canji ya wajaba.

“Ɗan Beljiyam ya fi sabo.”

Akwai ƙamshin gaskiya. Distiributar asali ta Bosch ko Denso da aka ciro daga motar da ta yi aiki a Turai takan fi sabuwar jabu mai ƙyalli a kwali daɗewa, araha kuwa ba ta ado. Sai dai a tuna an daina ƙera Golf 2 tun 1992, saboda haka duk ɗan Beljiyam ɗinta ya haura shekara 30. Wani ma bai taɓa ganin Turai ba, daga garejin makwabta aka ciro shi, aka wanke da fetur. Ko a Sabon Garin Zariya za a saya, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, a tafi da tsohuwar a hannu. A gwada lambar da ke jikinta, da yawan ƙafafun soket, da siffar gindin, domin Golf biyu masu kama ɗaya na iya bambanta a injin. Kafin a biya a yi sharaɗi a gaban shaida: in ba ta yi ba, za a dawo da ita a karɓi kuɗi ko a musanya.

“Gogaggen bakanike da kunne yake saita taimin.”

Kunne na iya tayar da mota, amma ba ya kai ta daidai. Kowane injin yana da ma'auninsa. A injin 4A-FE na Carina E da Corolla, digiri 10 ne kafin fistin ya kai ƙololuwa, kuma sai an haɗa ƙafafun TE1 da E1 a soket ɗin bincike sannan a auna da fitilar taimin. Idan wuta ta yi gaba da yawa, mota za ta yi zafin nama a gareji, mai ita ya ji daɗi, amma da an yi mata lodi ta kama hawa za a ji injin yana ƙararrawa, kuma fistin ne ke shan dukan. Idan ta yi baya, ƙarfi ya ragu, injin ya yi zafi, mai ya riƙa tafiya. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wannan asara ce ta kullum. Saita taimin cikin aikin canza distiributa yake, ba wani aiki ne daban da za a sake caji ba.

“Farashi ya ninka, kanikawa ne ke cuta.”

Tashin farashin gaskiya ne, amma ba daga gareji ya faro ba. Kayan gyara daga waje ake shigo da su, kuma bayan Babban Bankin Najeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Wanda ke auna farashin yau da na shekarun baya zai zargi mai gaskiya.

Hanyar gane adalci ita ce a ƙi karɓar kuɗi a dunƙule. A ce, “Oga, a raba min lissafin: nawa ne kaya, nawa ne kuɗin hannu, nawa ne kuɗin motar yaron da zai je Zariya?” Farashin kaya ana tabbatar da shi da kiran waya ga 'yan kasuwa biyu ko uku. Kuɗin hannu kuwa a auna shi da girman aikin: a tsofaffin motocin nan distiributa a fili take, kusoshi ɗaya zuwa uku ke riƙe da ita, aikin kamar na awa guda ne har da taimin. Ba a sauke injin, ba a taɓa giya. Tsohuwar da aka cire ta mai mota ce, in kuma bakanike yana so, a yi ciniki a rage daga lissafi. A tashar da Golf ta yi yawa, aron lafiyayyar distiributa daga motar abokin aiki don gwaji yana raba gardama kafin a kashe ko kwabo. Idan saɓani ya taso, shugaban gareji ko ƙungiyar kanikawa ta NATA sun fi kusa, sannan akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC.

Masu mota ma suna da nasu kason laifin. Bakanike ya shafe awa biyu yana bin waya har ya gano rota ce kawai, sai a miƙa masa ɗan canji a ce ai ba wani aiki ya yi ba. Wanda ya canza komai ba tare da bincike ba kuwa, a biya shi da murna. Muddin haka ake yi, mu ne ke koya wa gareji cewa canji ya fi gaskiya riba. A biya kuɗin bincike yadda ya kamata, shi ne mafi arha a duk lissafin.