NIIT: Makarantar Kwamfuta ta Indiya da Ta Yi Rassa Har Afirka

An kafa NIIT a Indiya a 1981, lokacin da kwamfuta ba ta wuce manyan ma'aikatu da jami'o'i ba. Rajendra Pawar da Vijay Thadani, waɗanda suka yi karatu a cibiyar fasaha ta IIT da ke Delhi, su ne suka assasa ta. Sun hango cewa na'urorin za su yawaita, amma masu sarrafa su za su yi ƙaranci, domin ɗaliban da jami'o'i ke yayewa a fannin ba su taka kara sun karya ba.

Sirrin yaɗuwarta shi ne ba da hayar suna. Ɗan kasuwa a wani gari zai kama gini, ya zuba kwamfutoci, ya ɗauki malamai. Uwar kamfani kuma ta ba shi sunanta da manhajar karatu da jarrabawa da takardar shaida, ta riƙa karɓar kasonta daga kuɗin makaranta. Da haka reshe ya isa ƙananan garuruwa ba tare da kamfanin ya aza tubali ko ɗaya ba, kuma ɗan talakan da bai sami gurbin jami'a ba ya sami sana'a. Sai dai tsarin na da rauni: suna ɗaya ne, amma ingancin koyarwa ya danganta da riƙon amanar mai reshe. Kamfanin Aptech, da aka kafa a 1986, ya bi wannan hanya, suka yi ta goga kafaɗa.

Kasuwa ta buɗe sosai bayan 1991, da Indiya ta sassauta dokokin tattalin arzikinta, kamfanonin Amurka da Turai suka fara neman masu rubuta manhaja daga can. Fargabar cewa kwamfutoci za su rikice da shigowar shekarar 2000 ta ƙara cika azuzuwa maƙil, kafin durƙushewar kamfanonin intanet da ta biyo baya ta rage ɗalibai.

A 1999 NIIT ta shigo Najeriya, inda ta yi suna da jarrabawar tallafin karatu da take shiryawa shekara-shekara. Ta kuma buɗe rassa a Gana. A 2004 aka ware sashenta na rubuta manhaja ya zama kamfani mai cin gashin kansa, wanda yanzu ake kira Coforge, sannan a 2009 aka buɗe Jami'ar NIIT a Neemrana, jihar Rajasthan.