Idan Tarakta Ta Rasa Ƙarfi a Gona

Birnin Bauchi ya daɗe da sanin tarakta. A ƙarshen shekarun 1970 aka kafa masana'antar Steyr a garin, da haɗin gwiwar Gwamnatin Tarayya da wani kamfani na ƙasar Ostiriya, inda aka riƙa harhaɗa taraktoci da manyan motoci. Har yau, da zarar ruwan farko ya sauka, wajen watan Mayu ko Yuni, za ka ga taraktoci suna fita daga gari zuwa gonakin da ke kewaye.

To, ɗalibi, ka ɗauka kai ne kake kula da gonar gidanku. An yi hayar tarakta, ta zo da gudu a kan titi lafiya ƙalau. Amma da direba ya saukar da garma, sai ƙarar injin ta yi ƙasa, tafiya ta gagara. Ga kuɗin haya an biya, ga danshi yana bushewa, damina kuma ba ta jiran kowa. Daga ina za a fara bincike?

Da farko ka san yadda injin yake aiki. Galibin taraktoci suna amfani da injin dizal, wanda wani Bajamushe mai suna Rudolf Diesel ya kammala ƙerawa a shekarar 1897. Fistin yana matse iska a cikin inji har zafinta ya wuce digiri 500, sannan nozul ya fesa mai, man ya kama da wuta. Saboda haka abubuwa uku ne rayuwar injin: iska mai tsabta, mai mai tsabta, da matsi mai kyau. A kan titi, kaɗan injin yake bukata daga kowanne. Amma idan garma ta shiga ƙasa, yana bukatar su a cike. Shi ya sa filtar da ta fara toshewa ba ta tona kanta sai an ɗora kaya.

Mataki na farko shi ne ka saurara. Idan ƙarar injin tana hauhawa amma tarakta ba ta ci gaba, laifin ba na inji ba ne: ko dai tayoyi suna santsi, ko kulochi ya cinye. Idan kuwa ƙarar tana faɗuwa, ka duba aikin da aka ba shi. Wataƙila garma ta yi zurfi, ko ƙasa ba ta jiƙu sosai ba, ko giyar da aka sa ta yi girma. A rage zurfin, a sauko da giya, a sake gwadawa.

Idan matsalar ba ta tafi ba, ka dubi hayaƙin salansa, domin shi ne bakin da inji yake magana da shi. Baƙin hayaƙi yana nuna mai ya fi iska yawa. A nan ka fara da filtar iska, domin ƙurar hunturu da ta gona suna toshe ta. Idan tana da tsabta, sai a zargi nozul. Shuɗin hayaƙi alama ce ta inji yana shan baƙin mai, wato sassansa na ciki sun cinye, matsi ya ragu. Farin hayaƙi bayan inji ya yi zafi yana nufin mai ba ya ƙonewa, ko ruwa yana shiga inda bai kamata ba.

Idan ƙarfi ya ragu amma babu hayaƙi, mai ne ba ya isa. Ka bi hanyarsa tun daga tanki. Dizal da aka adana a tsohuwar ganga ko jarka yakan zo da ruwa da tsatsa, su toshe filtar mai. A tsiyaye ruwan, a canja filta, a fitar da iskar da ta shiga bututu. Kada ka manta da murfin tanki: yana da ɗan ƙaramin huji da iska ke shiga. Idan ya toshe, mai zai daina gangarowa bayan ɗan lokaci. Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Sai kuma zafi. Ciyawa da ƙaiƙayi sukan rufe fuskar lagireto, fambel kuma yakan saki. Injin da ya yi zafi fiye da kima ƙarfinsa yana raguwa, idan aka matsa masa kuwa sai ya buga, gyaran kuɗi kaɗan ya koma asara mai yawa.

A cikin wannan bincike ka kiyaye kanka. Kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi, domin tafasasshen ruwa zai ƙone ka. Kada ka lalubi yoyon bututun nozul da hannu, domin man yana fita da ƙarfin da zai huda fata. Gyaran nozul da famfon mai da buɗe cikin inji aikin ƙwararren bakanike ne.

Ka lura da tsarin da muka bi: mun fara da abin da kunne da ido za su gane, sannan abin da hannu zai gyara a gona, sannan abin da sai an je gareji. Wanda ya fara kwance inji kafin ya duba filta, damina za ta wuce yana jiran kayan gyara.

Tambayoyi
1. Waɗanne abubuwa uku injin dizal yake bukata?
2. Me ya sa matsalar ba ta bayyana a kan titi?
3. Mene ne bambancin baƙin hayaƙi da shuɗin hayaƙi?
4. Yi amfani da karin maganar da ke cikin darasin a jimlarka.