Littafin Shiga da Fita na Ruwan Jikin Yaro

A taron ƙungiya da muka yi bayan girbin dawa, wata dattijuwa daga cikin matanmu ta tashi da ƙorafi. Jikanta ya yi kwana tara a babban asibiti da ciwon limoniya, har aka sa masa injin numfashi. Ta ce ma'aikatan jinya rowar ruwa suke yi: ƙarin ruwan da aka rataya masa yana ɗiga kamar ba ya so, leɓunan yaro sun bushe, an hana ta ba shi ko kunu cokali ɗaya, sa'an nan kowane nafkin da ya jiƙa sai an ɗora shi bisa ma'auni an rubuta. Ba ta ɓoye mana ba, ta ce wani dare ta miƙa hannu za ta ƙara buɗe robar, sai nas ta gan ta. Yaron ya warke, amma ran kakarsa bai huce ba. Mata da yawa suka goya mata baya, gama mu da kanmu muka yi shekaru muna koya musu cewa rashin ruwa ne ke kashe yaro mai zawo. To, yaya kuma za a ce ruwa ya yi yawa?

Kowane ɗan ƙungiya ya san littafin ma'aji. Shafi ɗaya na kuɗin da suka shiga, ɗaya na waɗanda suka fita, a ƙarshen wata a ga abin da ya rage. Irin wannan littafi ne ake buɗe wa yaron da ke kan inji, sai dai nasa kowace awa ake cika shi. A shafin shiga akwai ƙarin ruwa, da nonon da ake ɗura masa ta robar hanci, da ruwan da ake narkar da kowace allura a ciki, wanda iyaye ba su cika lissafawa ba, alhali yana da yawa. A shafin fita akwai fitsari, da amai, da kashi. Dalilin awon nafkin ke nan: an san nauyinsa sa'ad da yake busasshe, kowane giram ɗaya da ya ƙaru kuwa mililita ɗaya ne na fitsari.

Tun 1957 wasu likitoci biyu a Amurka, Holliday da Segar, suka tsara lissafin da har yanzu ake farawa da shi. Yaro mai nauyin kilo 10 yana bukatar kamar lita ɗaya a kwana, watau ledar ruwan sha biyu. In an raba shi awa 24, wajen ƙaramin cokali 8 ne a awa. Shi ya sa ɗigon yake a hankali haka. Fitsarin da ake so a gani daga wannan yaro kuwa wajen ƙaramin cokali 2 ne a awa.

Yaron da ke kan inji sau da yawa ba ya bukatar ko wannan litar duka. Iskar da injin ke hura masa an riga an jiƙa ta, saboda haka ba ya asarar ruwa ta numfashi kamar mu. Ciwo mai tsanani kuma, musamman na huhu, yakan sa jiki ya umarci ƙoda ta riƙe ruwa, matsin iskar injin a ƙirji ma yana ƙara wannan. Har wa yau, ƙananan jijiyoyin jini sukan zama kamar bakin kwalbati da ya tsage, ruwa yana tsiyaya daga cikinsu zuwa nama. Masu noman rani sun san abin da muke faɗi. Tumatir yana son ruwa, amma in ruwa ya kwanta a fangali kwana uku, saiwa ba ta samun iska, ganye ya yi rawaya, shuka ta mutu tana tsaye cikin ruwa. Huhu ma haka yake. Cike yake da ƙananan jakunkuna na iska, in ruwa ya taru a kewaye da su ko a cikinsu, iska ba ta ratsawa zuwa jini, dole a ƙara ƙarfin inji, yaro kuma ya daɗe a kansa.

Ragowar tana taruwa ne kaɗan-kaɗan, kamar bashin taki. In kowace rana rabin ledar ruwa ya shiga bai fita ba, cikin kwana 4 yaron nan mai kilo 10 yana ɗauke da ƙarin lita guda, kashi 10 cikin 100 na nauyinsa. Likitocin yara sun lura cewa waɗanda ruwa ya taru musu har haka sun fi daɗewa a kan inji, sun fi kuma shiga hatsarin mutuwa. Alamarsa ita ce kumburin fatar ido, da hannu, da ƙafa. Kada uwa ta yi murna ta ce yaro ya fara ƙiba. A nan ne likita yakan rage ƙarin ruwa ko ya ba da allurar da ke sa fitsari.

Su kansu likitocin sai da suka koyi wannan da zafi. An daɗe ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi ya galabaitar, hannu da ƙafa suka yi sanyi, a zuba masa ruwa da sauri ta jijiya. A 2011 aka buga sakamakon wani gwaji mai suna FEAST da aka yi a asibitoci na Uganda da Kenya da Tanzaniya, a kan yara fiye da 3,000, yawancinsu masu zazzaɓin cizon sauro ko wani ciwo mai tsanani. Cikin kwana 2, wajen 10 ko 11 cikin kowane 100 da aka zuba wa ruwa da sauri suka mutu, amma cikin waɗanda aka ba su a hankali, wajen 7 ne. Tilas aka tsai da gwajin kafin lokacinsa. Masu binciken da kansu ba haka suka zata ba.

A lura da kyau, ba a sa yara masu zawo da amai cikin wannan gwaji ba. Nasu dabam ne, gama shafin fitarsu ne ya yi nauyi. Abin da muka koya a kansu yana nan daram: a narkar da ƙullin ORS ɗaya cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan, a haɗa da ƙwayar zinc har kwana 10 zuwa 14, kada kuma a daina ba shi nono. In babu ƙullin, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, cikin lita ɗaya. Yaron da ke iya sha da bakinsa, a ba shi ya sha.

Shi kuwa wanda ke kwance da roba a maƙogwaro, ko mai nishi da ƙyar, abin da aka ɗura masa ta baki yana iya zarcewa huhu. Leɓunansa in sun bushe, a roƙi nas ta nuna yadda ake shafa su da auduga mai laima. Uwa mai shayarwa ta riƙa tatsar nononta cikin kofi mai tsabta, gama shi ne abin da aka fi so a ɗura ta robar hanci, tatsar kuma tana hana nonon ƙafewa. Kada a jefar da nafkin ko a wanke zanen da yaro ya jiƙa sai an auna. In mai jinya ta riga ta ba shi wani abu a ɓoye, ruwa ne ko jiƙo, ta faɗa. Faɗan da za a yi mata bai kai ɓarnar littafin da bai daidaita ba.

Mun dai yarda da dattijuwarmu a abu ɗaya: da an zauna an yi mata wannan bayani tun ranar farko, da hannunta bai je wajen robar ba. Mai jinya yana da iko ya tambayi abin da ya shiga da abin da ya fita jiya, kamar yadda ɗan ƙungiya yake tambayar ma'aji.

Da yawa daga cikin yaran da ke kai ga inji, tari da saurin numfashi suka fara da shi a gida. A ƙirga numfashin yaro minti ɗaya cur sa'ad da yake kwance shiru. Daga wata 2 zuwa wata 11, in ya kai 50. Daga shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40. Ko kuwa in ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki sa'ad da ya ja iska, a kai shi asibiti a ranar, ko da ranar kasuwa ce.