Kafin Ka Kai Kuɗin Masar Wurin Ɗan Canji

Wani yaron maƙwabcinmu a Garou ya taɓa yi mini sallama da hantsi, hannu cikin aljihu kamar wanda ya kamo tsuntsu. Ya zaro wata takardar kuɗi da yayansa ya ba shi tsaraba daga Alƙahira, ya ce, "Baba, fam hamsin ne. Jika nawa za su ba ni a kasuwar Malanville?" Na karɓa na juya ta. Masallacin Azhar a gaba, Fir'auna Ramsis na biyu a baya, hamsin ɗin kuma ba ƙarya. Sai dai kalmar da ke biye da ita ƙirshi ce, ba junaihi ba. Ƙirshi ɗari ke yin fam ɗaya, wato rabin fam yaron ke riƙe da shi, abin da a canjin yanzu bai kai dalar sefa biyu ba. Na dai hutar da shi kuɗin kabu-kabu.

Ko a Alƙahira baƙi na faɗawa wannan rami, a miƙa musu ƙirshi hamsin a matsayin fam hamsin. Takardar Masar karanta ta ake yi kamar wasiƙa, kuma mu da muka yi allo mun fi Bature saukin shiga gare ta.

Ta hanya biyu take zuwa gidajenmu. Akwai ta yau, wadda ɗaliban Azhar da 'yan kasuwa da masu zuwa neman magani ke dawowa da ita. Akwai kuma ta da, wadda ta fi ba ni sha'awa. Har zuwa 1957 fam ɗin Masar ake kashewa a Sudan. Kakanninmu da suka yi aikin hajji a ƙasa, suka yi shekaru suna tsinkar auduga a gonakin Jazira ko suka yada zango a Mai Wurno a bakin Nilu, da wannan kuɗin aka biya su lada. Saboda haka tsohuwar takardar da ka tarar cikin gafakar marigayi Alhaji ba lalle ta taɓa ganin Masar ba. Sunan ma kansa yana da ƙanshin gida: junaihi daga gini ya samo asali, sulen zinariyar da Ingila ta fara bugawa a 1663 da zinariyar Afirka ta Yamma.

Abin da za ka fara dubawa shi ne sunan banki. In ka ga Al-Bankul Ahli al-Misri, to takardar ta tsufa, domin shi ya riƙa buga kuɗi tun daga 1899 har 1960. Daga 1961 Babban Bankin Masar, Al-Bankul Markazi, ya karɓi aikin. Wannan kalma guda ta raba maka zamani biyu. Fam ɗin farko na 1899 raƙuma ne a jikinsa, a Ingila aka buga shi, da sa hannun Bature shugaban bankin, Elwin Palmer. Na 1926 kuwa fuskar wani dattijo manomi ce, masu tara kuɗi na kiransa fam ɗin Idris, suna kuma nemansa ruwa a jallo. Sarki Faruk ya hau takardun a shekarun 1940, juyin mulkin 23 ga Yuli 1952 ya sauke shi daga karaga, ya kuma sauke shi daga kuɗi, aka maye gurbinsa da Tutankamun. In ka ga saurayi da jar dara da kayan soja, Faruk ne.

Sai kwanan wata, kuma nan ido ke yaudarar mutum. Alƙaluman na Larabawan gabas ne, irin na lambar shafi a Alƙur'anin bugu. Biyar ɗinsu (٥) kamar sifirin boko take, sifirinsu (٠) ɗigo ne kawai, shida (٦) kuma sak bakwai ɗinmu. Wanda ya yi garaje sai ya mai da 1956 wata shekara dabam, ya shiga ciniki a kan ƙarya. Kusa da shi akwai sa hannun gwamnan banki, wanda shi ma shaida ne: Faruk al-Uƙda daga 2003 zuwa 2013, Hisham Ramiz bayansa, Tariƙ Amir daga 2015 zuwa 2022, sannan Hasan Abdullahi. Takardu biyu masu zane iri ɗaya na iya bambanta a daraja saboda sa hannu kaɗai. Kada wannan ya zame maka baƙon abu. Zaro jika daga aljihunka ka duba harafin da ke jikinta: B ta Benin ce, H ta Nijar, T ta Togo. Mun shekara muna tsallaka gada da su zuwa Gaya ba mu lura ba, alhali akwai masu tara sefa harafi-harafi.

Kuɗin da ake kashewa yanzu tsarinsu ɗaya: fuskar Larabci masallaci, ɗaya fuskar kayan tarihin Fir'aunoni. Ni wannan ya fi burge ni, domin yawon masallatan Alƙahira ne ba tare da biza ba. Fam ɗaya masallacin Sarki Ƙaitabai ne. Biyar na Ibn Tulun ne, wanda aka gina tun ƙarni na tara. Goma na Rifa'i, ashirin na Muhammadu Ali da ke kan tudun birnin, ɗari na Sarki Hasan, da gunkin Abul Haul mai jikin zaki a baya. Ɗari biyu, babbarsu, ta fito a 2007. A 2022 aka kawo fam goma na leda mai masallacin Fattahul Alim na sabon babban birni, ashirin ta biyo baya a 2023. Na takardar kuwa, ɗaga ta ga rana: hoton ɓoye zai bayyana a farin wurin, sau da yawa fuskar Tutankamun. In babu, ka yi shakka.

Gaskiya ɗaya ce mai ɗaci. Yawancin takardun bayan 1980 an buga su tuli, fam ɗin kuma ya sha kaye a Nuwamban 2016 da Maris na 2024, har dalar Amurka ta kai wajen fam hamsin. Duk wanda ya ce maka takarda mai masallaci ta yi maka arziki, hannunka yake son gani. Daraja tana ga tsufa, da ƙaranci, da lafiyar takarda. Na ukun nan kuwa shi ne rauninmu. Mu ne masu ƙulle kuɗi a gefen zane, masu ninki huɗu a sa cikin hula. Ninki ɗaya a tsakiya yana rage mata farashi, balle wanki ko guga ko manna salatif a yaga. Mai tara kuɗi ya fi son tsohuwa da dauɗarta a kan wadda aka yi wa kwalliya. A shimfiɗe ta cikin littafi mai tsabta, a ɗaga ta daga ƙasa, domin raɓar bakin Kwara da gara ba su san Sarki Faruk ba.

Yaron nan bai je Malanville ba. Na nuna masa hasumiyoyin Azhar, inda yayansa ke karatu, ya karanta shekarar da kansa bayan ya yi tuntuɓe sau biyu a kan ɗigon sifiri. Ya tambaye ni ko na Ibn Tulun na da wuyar samu, na ce ya roƙi yayansa in zai dawo hutu, ya kuma ce masa kada ya ninke.